Tsagar da Ke Ƙarƙashin Bencin Auta

8 ga Janairu

Gwaggo,

Ki gafarce ni da ƙarfin halin rubuto miki, alhali ba ki ce in rubuto ba, wataƙila ma sai kin yi dogon tunani kafin ki gane ni. Ni ce babbar 'yar ɗan baffanki, wanda ke gyaran keken ɗinki. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, shekara bakwai ke nan, da kika zo duba Kaka a asibiti. Ni ce yarinyar da ta maƙale a bayan ƙofa ta ƙi fitowa, har kika gaji kika ce to a gaishe miki da ƙofar.

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya kuma gwiwar da Baba ya ce tana matsa miki? Mu nan lafiya lau muke. Kaka ta miƙe sarai, yanzu ita ke yi wa kowa faɗan rashin shan magani. Umma ta yi mura ta warke. Auta, wadda kika gani a goye, tana aji uku na firamare, kuma tun ranar da ta fara magana ba ta huta ba.

Baba ya ce in kira ki a wayarsa kawai. Na riƙe wayar har ta jiƙe da gumi, na mayar masa. A gida Shiru-shiru ake ce mini, ba kuma sharri aka yi mini ba. A takarda na fi iya magana.

Ga abin da ya sa na dame ki. Ina aji biyar na sakandare. Malaminmu na labarin ƙasa ya fito da wani tsari a wannan zangon: kowace Alhamis ɗayanmu zai tsallaka ɓangaren firamare ya koyar da yara darasi guda, da Hausa, minti arba'in. Ya rubuta batutuwan a 'yan takardu, ya nannaɗe, ya zuba a hularsa. Ƙawata ta ɗauki ruwan sama. Wani ya ɗauki koguna. Ni na sa hannu na ɗauko girgizar ƙasa, ajin da aka ba ni kuma ajin Auta ne. Saura mako huɗu.

Abin da ke cikin littafi na haddace shi, har na ci tara cikin goma a gwaji. Amma duk da Turanci ne. Da na tsaya gaban madubi zan faɗa da Hausa sai na ga babu komai a bakina. Ban ma san abin da zan kira wurin nan da dutsen ƙarƙashin ƙasa ya rabu biyu ba, wanda gefensa ke motsawa. Na gwada cewa karaya, sai ga Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar wa ya karye.

Baba ya ce duk dangi ba wanda ya san ƙasa kamar ki, wai aikinki sauraronta ne. Shi ya sa na ce ko za ki taimaka mini da yadda ake faɗa wa yaro ɗan shekara takwas wannan abu ya gane.

Da wani aji ne da sauƙi. Auta ta riga ta gaya wa kowa Yayarta za ta zo, har ta ce musu na fi malamarsu ilimi. Na roƙe ta ta janye maganar, ta ce ai ta riga ta fita.

In ba ki da lokaci ba komai, wallahi ba zan ji haushi ba.

'Yarki,
Shiru-shiru

20 ga Janairu

'Yata,

Na gane ki tun layin farko. Ina fatan ƙofar tana lafiya. Ni lafiya ƙalau, gwiwa kuwa mun saba da juna, tana mita ina tafiya. Ki gaishe da Babanki da Ummanki, ki ce wa Kaka na ji labarin mulkinta. Ki yi haƙuri da takardar, bayan wata tsohuwar takardar na'ura ce. Zane-zanen da ke ɗaya gefen motsin ƙasa ne na wata rana da ba abin da ya faru.

Babanki bai yi ƙarya ba. Muna binne na'urori a ramuka, su saurara, mu kuma mu karanta abin da suka ji. Mafi yawan ranaku aikin ya fi gadin maƙabarta shiru. Da kin dace da shi.

Kalmar da kike nema, ki ce tsaga. Yara sun san ta. Iri uku ce.

Ki samo sandar sabulun wanki, ki yanka ta biyu, amma a karkace, ba a miƙe ba. Ki haɗa su kamar ba a yanka ba, ki riƙe a hannu biyu. In kin ja su baya kaɗan, za ki ga ɗaya ya zame ƙasa a jikin ɗayan. Haka dutse ke yi a inda ake jan ƙasa ta buɗe. Wannan ki ce mata mai zamewa. In kuma kin tura su ciki, ɗaya zai hau kan ɗayan: mai hawa ke nan, ita ke tada manyan duwatsu. Ta ukun ba ta son sabulu. Kowane yaro ya haɗa hannayensa biyu gefe da gefe a kan benci, ki ja masa layi ɗaya da biro ya ratsa duka biyun, sai ya tura hannu ɗaya gaba. Layin zai rabu, amma ba hannun da ya hau ko ya sauka. Mai wucewa. Sunayen Turancin ki bar wa jarrabawa.

Za su tambaye ki me ya sa ake jin girgiza in motsin a hankali ne. Ki ɗaura robar tayar keke a jikin bulo, ki ɗora shi a kan siminti, ki riƙa ja sannu sannu. Robar za ta yi ta miƙewa bulon yana zaune kamar bai ji ba, can sai ya zabura lokaci guda. Zaburar nan ita ce girgizar. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ban ga bayanin da ya fi bulo da roba ba, har a gaban manyan malamai.

Ki rubuto ki gaya mini yadda aka yi.

Gwaggonki

Ƙari, ga takarda tana ƙarewa. Ki yi magana a hankali, ki bar su su taɓa sabulun da hannunsu, kuma ko me za ki manta kada ki manta wannan, kada ki tsorata

5 ga Fabrairu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Duk muna lafiya, kowa yana amsa gaisuwarki. Kaka ta ce mulki ai sai wanda ya iya.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta ban san sau nawa ba. Na gode, Allah ya saka da alheri. Na lalata sabulu biyu kafin in iya yankan, Umma ta ce ilimin nan naku da kumfa yake tafiya.

Layin ƙarshe na kwafe shi a cikin bangon littafina. Kowa "ki daina jin kunya" yake ce mini, kamar riga ce in tuɓe. Ba wanda ya taɓa ce mini kada in tsorata. Ba ɗaya ba ne, Gwaggo, ko da yake ban iya faɗin bambancin ba.

Gobe ne darasin. Na yi tunani na ga malamin da ba ya tsoro ba zai tsaya a sabulu kawai ba, zai faɗi abin yadda yake. Na aro wani babban littafi mai hotuna a laburare. Ki yi mini addu'a.

'Yarki

14 ga Fabrairu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, sai dai Auta. Jikinta ƙalau, amma yau kwana takwas rabonta da aji, kuma ni na jawo.

Da farko komai ya tafi daidai. Muryata ta yi rawa, sai na tuna maganarki na ɗaga ta. Sabulun ya zame, ya hau. Yara talatin da huɗu na ja wa layi a hannu, har wata yarinya ta ce kada in goge nata, za ta kai wa babanta. Da bulon ya zabura suka kwashe da dariya, suka ce in sake. Sau huɗu na sake. Auta tana bencin gaba, tana waiwaye tana duban kowa kamar ita ta haife ni.

Da a nan na tsaya. Amma na ji wani irin daɗi da ban taɓa ji ba, mutane suna kallona ban ji ina son ɓuya ba. Sai na buɗe littafin hotunan. Na zaga da shi benci benci: gidaje a kwance, titi a buɗe, wata makaranta da rufinta ya zauna a kan kujeru. Na gaya musu abin ba ya sallama, yana iya zuwa ana cikin cin abinci. Na kama teburin malama na jijjiga shi don su ji yadda ake ji, gorar ruwanta ta faɗi ta fashe. Malamar ta fita karɓo rajista a lokacin. Ajin ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka sauraro ne.

Akwai wata tsaga a simintin ajin, ta taso daga bakin ƙofa ta bi ta ƙarƙashin bencin Auta. Shekara da shekaru tana nan, ni ma na taka ta da nake ajin. Auta ta ɗaga hannu yadda aka koya musu, ta nuna ta, ta ce, "Yaya, wannan wace iri ce a cikin ukun?"

Gwaggo, ban sani ba. Amma ido talatin da huɗu sau biyu suna kaina, kuma na ga mai cewa ban sani ba matsoraci ne. Na durƙusa na shafa, na ji gefe ɗaya ya ɗan fi ɗayan ƙasa. Na miƙe na ce mai zamewa ce. Har na rubuta a allo.

Auta ta janye ƙafafunta sama ta ɗora a kan benci. Haka ta zauna har aka tashi.

Washegari yara tara ba su zo ba. Iyaye suka yi ta sintiri ofishin shugabar firamare. Baban wata yarinya magini ne, ya zo ya yi tsalle a kan tsagar da takalmansa na aiki yana dariya, ya ce siminti ne aka yi masa rowa. Zuwa Talata takwas sun koma. Shugabar ta kira ni, ba ta yi mini tsawa ba, ta ce kawai in mayar da littafin laburare. Da ta yi tsawar da na fi samun sauƙi.

Auta ce ta ƙi. Baba ya rufe shago ya goya ta har bakin makaranta, ta riƙe ƙarfen ƙofar da hannu biyu tana kakarin amai, dole ya dawo da ita. Ta ce magini bulo ya sani, Yaya ce ta san ƙasa. A gida ma tsallake kowane layi take yi a tsakar gida, ta daina zama a jikin bango. Na zaunar da ita na ce mata ba gaskiya na faɗa ba, ban sani ba ne kawai. Ta dube ni ta ce, "Don in je makaranta kike faɗa. Ta aji ce gaskiya, ai da alli a hannunki kika faɗe ta."

Jarrabawarsu saura mako biyar, shugabar ta ce in ba ta zauna ba sai ta maimaita aji. Umma kuwa ta daina tsokanata da maganar sabulu.

Me zan yi?

'Yarki

1 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Allah ya sa lafiya ce ta sa shiru. Mu muna nan yadda na gaya miki. Auta tana gida, ina yi mata karatu in na dawo. Lissafi tana karɓa daga wurina, amma ko na ambaci makaranta sai ta tashi.

Kullum ina bi ta gidan waya in tambayi mai rabon wasiƙu, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na ce Baba ya kira ki, wayar ba ta shiga.

Jiya na ɗauko wasiƙarki don in ji sanyi. Na juya bayanta ina kallon zane-zanen na'urar, sai na ga rubutunki a can kusurwar sama, ƙanana, a tsakanin layukan. Ban taɓa lura da shi ba. Kin rubuta: "su, yara ne. Abin da ya shiga ransu yanzu ba ya fita da wuri."

Kada ki tsorata su. Abin da kika ce ke nan. Ni na tsaya inda takarda ta tsaya, na ɗauki rabin magana na sa a bangon littafi ina ta alfahari da ita, na je na aikata ainihin abin da kika hana.

In fushi kike yi, kina da gaskiya. Kin ɓata lokacinki a kan wadda ba ta iya juya takarda ba. Ba don ni ba, don Auta, ki ce wani abu.

'Yarki

9 ga Maris

'Yata,

Lafiyata ƙalau, ba kuma fushi nake ba. Mako biyar muka yi a bayan duwatsu muna binne sababbin na'urori, inda waya ba ta da amfani sai haska hanya. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki uku a kan tebur. A tsaye na karanta su, jakata tana kafaɗa. Na ba direbanmu wannan ya kawo da hannu don kada ta kwana a hanya.

Laifin takardar nawa ne. Mace mai furfura ta raba magana biyu don rowar takarda, ai ita ya kamata a kira ofis. Rabin da kika ɗauka kuwa, ban rubuta shi ba, amma da na san ki sosai da na rubuta. Ki bar shi a bangon littafin.

Naki kuskuren ɗaya ne, kin kuma san shi: aka tambaye ki abin da ba ki sani ba kika amsa. Manya masu digiri suna yinsa a gaban na'urar ɗaukar hoto. Ni "ban sani ba" nake ci da ita. Kullum sai an tambaye ni yaushe za a yi girgiza, kullum amsar ke nan.

Maginin ya yi gaskiya. Siminti yana tsagewa in ya bushe ko in ƙasar da aka cika a ƙarƙashinsa ta zauna, zurfinsa bai wuce tafin hannunki ba. Tsagar da muke magana a cikin dutse take, can ƙasa, tsawonta tafiyar mota ce. Na duba taswirorinmu, ban ga wata babba da muka sani kusa da ku ba. Amma kada ki rantse wa Auta cewa ƙasa ba za ta taɓa motsi ba. Yarinyar nan tana auna magana, in ta kama ki sau biyu shi ke nan.

Ta kuma gaya miki maganin da bakinta, ba ki ji ba ne. Da alli aka ɗaura, da alli za a kwance. Ki je wurin shugabar ki roƙi minti goma. Na san wannan ya fi miki jijjiga tebur wuya.

In kin shiga, ki faɗi kuskurenki, sannan ki ba su aiki. Ki sa ɗigon fenti ɗaya a kowane gefen tsagar, a riƙa auna tsakaninsu da rula kowace safiya ana rubutawa. Haka muke yi wa tsagar da muke zargi, ba ma tsayawa gardama da ita. Ki kuma koya musu abin yi in ƙasa ta motsa: a shiga ƙarƙashin benci, a riƙe ƙafarsa, a kare kai. Ku mayar da shi wasa. Yaron da ya san abin da zai yi da hannunsa, tsoronsa yana raguwa.

Ki gaya wa Auta wannan daga gare ni. Ranar da ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashina ina da shekara talatin, na gama duk karatun. Na manta komai, na fita da gudu rungume da butar shayi, na bar na'urar da ta fi motar ofis tsada. Har yau abokan aikina in sun ga buta sai sun tambaye ni ko in riƙe musu.

Gwaggonki

18 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau, ya gajiyar tafiya? Allah ya huta gajiya. Duk muna lafiya. Direbanku ya kawo wasiƙar har shago, Baba ya hana shi tafiya sai da ya ci abinci.

Sau uku na je ƙofar ofishin shugabar ina dawowa. A na huɗu ita ta buɗe za ta fita, ta same ni tsaye. Na faɗi abin da ya kawo ni ina kallon takalmanta. Ta ce in ɗago kai in sake faɗa. Da na sake, ta ce minti goma, kuma wannan karon ita ma za ta zauna, da gorar ruwanta a hannu.

Auta ta yi dariyar labarin butar har da riƙe ciki, ta tambaya ko akwai shayi a ciki. Amma da na ce ta raka ni, ta ce iyakarta bakin ƙofa. Na ce na yarda.

Ranar Litinin ta sa kayan makaranta, ta riƙe hannun Umma, suka tsaya a baranda daidai ƙofar ajin, inda tsagar ta fara. Na ɗauki alli. Na juya ga allo. Na rubuta abin da na rubuta rannan, mai zamewa, na ja layi a kansa. Na juyo na ce musu ranar nan an tambaye ni abin da ban sani ba, na ji kunyar cewa ban sani ba, sai na ƙirƙiro amsa. Na ce wannan tsagar siminti ce, ba ta dutse ba, kuma ba sai sun yarda da ni ba, za mu auna mu gani. Wani yaro ya ce ashe manya ma suna yin ƙarya. Shugabar ta ce daga bayan aji, "Suna yi. Ba kasafai suke dawowa su faɗa ba."

Muka yi wasan shiga ƙarƙashin benci. In na tafa sau ɗaya kowa ya shige ya riƙe ƙafar benci, in na tafa biyu a fito. Suka yi ta karo da kai suna dariya. Har malamar ajin ta gwada, bencin ya ƙi ta. Ina satar kallon ƙofa. Auta tana leƙe, amma ƙafarta ba ta motsa ba.

Sai na ɗiga jan fenti a gefe biyu na tsagar, na ce wa zai fara aunawa. Ƙawar Auta, wadda suke benci ɗaya, ta karɓi rular ta durƙusa. Ta ɗora ta daga kan lamba ɗaya maimakon sifiri, ta ce santimita biyar. Na buɗe baki zan gyara, sai na ji murya daga ƙofa tana cewa ba daga nan ake farawa ba. Yarinyar ta ce daga nan ne. Auta ta ce daga sifiri ne, Yaya ta koya mata. Yarinyar ta ce to ita haka ta iya.

Gwaggo, na yi shiru. Wannan karon da gangan.

Auta ta saki hannun Umma. Ta shigo tana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ruwa, ta bi gefen bango, ta zo ta fizge rular. Ta durƙusa, gwiwa ɗaya a wannan gefen tsagar ɗaya a wancan, ta daidaita sifirin a kan ɗigon, ta kanne ido ɗaya. Ta ce huɗu ne. Na ba ta allin ta rubuta a kusurwar allo da kanta. Da na waiwaya, Umma ta juya baya tana gyara mayafinta, ta daɗe tana gyarawa.

Shugabar ta ce tunda Auta ce ta iya, ita ce mai awon aji har ƙarshen zango. Jiya huɗu. Yau ma huɗu. Ita ke tada ni yanzu wai kada wani ya riga ta taɓa rular. Har yanzu ba ta sauke ƙafarta a kan tsagar in tana zaune, ta matsa ƙarshen benci, ƙawarta tana ƙorafin matsi. Amma tana ajin, kuma za ta zauna jarrabawa.

Saura abu ɗaya. Kafin minti gomana su cika na gaya musu, don su kwantar da hankali, cewa mafi yawan motsin ƙasa a hankali yake, kamar yadda farce ke tsiro, ba mai ji. Auta ta ɗaga hannu, rular tana ɗayan. Ta ce in haka ne, gidan Gwaggo mai buta matsowa yake yi kusa da namu, ko nisa yake ƙarawa?

Ajin duka suka zuba mini ido, har shugabar. Allin yana hannuna. Na ce ban sani ba, amma na san wadda zan tambaya.

Na san darasin ya ƙare, kuma dalilin da ya sa na fara damun ki ya wuce. Amma ga tambayar Auta, ni ma kuma ina da wasu nawa da ban taɓa samun wanda zan yi wa ba, ba duka ne na ƙasa ba. In ba zan takura miki ba, Gwaggo, ki ba ni izini in sake rubutowa.

'Yarki,
Shiru-shiru